Na raka Baba Asaba, bakin kogin da ya baro tun 1967

Ranar da ƙanena ya bugo waya daga Asaba ya ce matarsa ta sauka lafiya, an samu namiji, muna tsakar gida ana ta guɗa sai muka ji muryar Baba daga ƙofar ɗakinsa: "Sunan nan da ni za a je." Gida ya yi tsit. Inna, uwargidansa, ta ajiye faifan da ke hannunta ta dube shi, ba ta ce uffan ba.

Wanda bai san Baba ba zai ce mene ne abin mamaki don kaka ya ce zai je sunan jikansa, balle kuma takwara za a yi masa. To, Baba tsohon soja ne, cikin 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin basasa, kuma tun da ya ajiye kaki a ƙarshen shekarun 1970 bai taɓa gota Abuja ya yi kudu ba. Lokacin da aka tura ƙanena aiki Asaba, kwana uku Baba ya yi bai ci abincin kirki ba, bai kuma faɗi dalili ba. Ga shekara 75, ga hawan jini, ga suga. Da aka ga ba zai lanƙwasu ba, sai aka ce ni da nake nas in nemi hutu in raka shi. Na haɗa magungunansa da abin awon jini da na suga, muka kama hanya daga Kano, mu huɗu da direba, cikin watan Oktoba.

Kafin in kai ku Asaba, bari in faɗa muku irin gidan da muka tashi. Ba a rufe ƙofa da ƙarfi a gidanmu. Ba a tada Baba daga barci ta hanyar taɓa shi. Daga nesa ake tsayawa a yi sallama har sai ya amsa. Ran hawan Sallah, duk unguwa ta tafi kallo, shi yana ɗaki ya ƙure rediyo saboda ƙarar bindigogin 'yan bindigar Sarki. Fitilar ɗakinsa ba ta mutuwa har gari ya waye. Zamanin a-ci-balbal haka, zamanin fitilar caji haka. Wani dare kuma mukan ji ihunsa, sai takun Inna, sai shiru. Da safe ba mai tada zancen. Mu yara mun ɗauka haka duk uba yake. Wasu 'yan uwa suna cewa iska ce, an yi ta turare da rubutu. Wasu suna cewa halin soja ne kawai.

Sai da na shiga makarantar koyon jinya, aka zo darasin lafiyar ƙwaƙwalwa, malamar tana lissafa alamomin ciwon firgici da ke biyo bayan babban tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, mafarkin abin da ya faru, zabura da ƙaramar ƙara, gudun duk abin da zai tuna wa mutum, saurin fushi, rashin barci, na ji kamar gidanmu take karanta wa aji. Ranar a ɗakin kwananmu na yi kukana ni kaɗai. Amma ko bayan nan ban iya tambayarsa komai ba. Wace 'ya ce za ta zaunar da ubanta ta ce ya ba ta labarin abin da ke sa shi ihu da dare?

Mun kwana Abuja, da asuba muka ɗauki hanyar Lokoja. Kafin a shiga garin akwai gadar Jamata, wadda aka sa wa sunan Murtala Muhammad, a kan kogin Kwara, wanda 'yan boko ke kira Neja. Ruwa ya cika ya tumbatsa, gonaki sun nutse, sai kan bishiyoyi ake hange. Tun daga nesa na ga Baba ya runtse ido, yatsunsa na jan carbi da sauri. Ban yi magana ba, na dai riƙe wuyan hannunsa kamar ina gyara masa agogo, ina ƙirga bugun jijiyarsa. Sai da taya ta sauka daga gadar ya buɗe ido ya ce, "Mamana, nan ai ƙarami ne." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana.

Daga nan sai Okene da duwatsunta, sai Auchi, sai Agbor. Hanya ba kyau, manyan motoci sun yi layi, ƙasa ta koma ja, daji ya yi duhu, kwakwar manja ko ta ina. Ana kiran magariba muka shiga Asaba.

Asaba ita ce babban birnin Jihar Delta, tana zaune a gaɓar yamma ta kogin, Onitsha kuma tana tsallake, kana ganin dogayen gine-ginenta a cunkushe kamar an jera akwatuna. Gari ne mai otal-otal da sababbin unguwanni, ga 'yan fim ko'ina. Hausawa ma ba a bar su a baya ba: masu albasa da tumatir, masu dabbobi, masu shayi, 'yan canji. Gada biyu ce yanzu ta haɗa garuruwan. Tsohuwar, ta ƙarfe, an gama ta a 1965. Sabuwar kuwa ba ta daɗe da buɗewa ba, a 2023 aka ƙaddamar da ita. In kin tsaya kina kallon motoci na wucewa a kai cikin 'yan mintuna, ba za ki taɓa kawowa a ranki cewa tsallaka wannan ruwa ya taɓa cin rayuka masu yawa ba.

Ga yadda abin ya faru, ga waɗanda irina ba a koya mana a makaranta ba. An fara yaƙin a watan Yulin 1967. A watan Agusta sojojin Biyafara suka tsallako ta wannan gada suka mamaye yankin Tsakiyar Yamma har Benin. Cikin gaggawa gwamnatin Gowon ta haɗa Runduna ta 2 ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammad, ta koro su. A farkon Oktoba suka tsallake suka koma Onitsha, suka fasa wani sashe na gadar a bayansu. Sai aka yi niyyar bin su ta ruwa. Sau uku ana gwadawa cikin wannan wata, sau uku ana komowa da asara mai yawa. Sai daga baya aka zagaya ta Idah, aka biyo ta ƙasa, aka kama Onitsha a watan Maris na 1968. Sojan Najeriya da bai wuce kimanin mutum 10,000 ba kafin yaƙi, ya kai wajen 250,000 lokacin da aka gama a Janairun 1970. Ki tambayi kanki daga ina aka samo su. Daga gonaki da kasuwanni da tashoshin mota aka kwaso su, yara irin Baba.

Shekararsa 18. Ɗan ƙauye ne daga ƙasar Gumel, inda in ba damina ba ruwan da ya sani shi ne na rijiya. Ya zo Kano cin rani, zuciyar mutane na tafasa tun kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, aka ce ana ɗaukar soja, shi da abokinsa ɗan garinsu suka bi layi. 'Yan makonni suka yi a Zariya ana koya musu fareti da harbi. Ba wanda ya tambaye su ko sun iya ruwa.

Duk wannan a bakin kogi na ji shi, washegarin isowarmu. Bayan sallar asuba ya ce in raka shi, kada in tada kowa. Muka hau Keke Napep zuwa wajen da ake kira Cable Point, tsohuwar unguwa ce a bakin ruwa, akwai Hausawa da yawa. Masu kwale-kwale na ɗaure kaya, mata na wanke kifi, wasu samari na loda yashi. Ruwan launin kunun kanwa, faɗinsa ya fi ƙarfin ido, yana tafe shiru da ganyaye da guntayen itace a kansa. Wani mai shayi ya ba Baba benci. Ya zauna ya daɗe yana kallo, sannan ya fara magana, ba ni yake kallo ba.

Ya ce da dare aka loda su a jirgin fito, an cusa su kamar buhuna, kowa da bindiga da harsasai da takalmi mai nauyi. Sun kai tsakiya aka buɗe musu wuta daga tsallake. Wani abu ya faɗo kusa, jirgin ya karkata, mutane suka zube. Shi Allah ya haɗa hannunsa da wata jarka da ba komai a ciki, ya rungume ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana riƙe da abokinsa. "Yana ta kiran sunana, Mamana. Ruwa na shiga bakinsa yana kira. Nauyinsa na ja na ƙasa." Ya yi shiru. "Sai na ji hannuna ba komai. Shekara hamsin da bakwai ke nan ina tambayar kaina, kuɓucewa ya yi ko ni na sake shi."

Ban ce masa ba laifinsa ba ne. A wurin aiki an koya mana kada mu yi gaggawar toshe bakin mai ciwo da lallashi, amma gaskiya ba horo ne ya hana ni ba, harshena ne ya yi nauyi. A nan ne kuma na gane dalilin da ya sa babban yayanmu yake amsa sunan da babu mai shi a danginmu kaf, da kuma dalilin da ya sa duk kaka Baba ke aika buhun gero wani gida a ƙauyensu, ko a shekarun da kuɗin fanshonsa suka maƙale yana ta jeka-ka-dawo a ofis ana ce masa a sake tantancewa, yana gadin wani shago da dare don mu ci.

Da a nan tafiyar ta tsaya, da na dawo da labarin tausayin Baba kawai. Sai dai Asaba tana da nata lissafin, kuma a ranar suna ya same mu har cikin gida.

Mai gidan da ƙanena ke haya wata dattijuwa ce 'yar garin, kowa na ce mata Mama. Ita ta riƙe matar ƙanena tun tana laulayi, ita ta kai ta asibiti da naƙuda ta tashi cikin dare. Ta shigo da ƙatuwar kular miyar nsala, farar miya ta kifi mai yaji da suke yi wa mai jego, ta buɗe baki sai ga Hausa tangaram, irin ta Kano ta da. Ashe a Sabon Gari aka haife ta, babanta ma'aikacin reluwe ne. Tana 'yar shekara 12 suka gudo a 1966, lokacin da aka yi ta kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa. Ta ce har yau tana jin ƙamshin ƙosan wata mata da ke soyawa a bakin layinsu. Muka yi ta dariya, tana tambayar ko Kantin Kwari na nan.

Ta karɓi jariri tana yi masa wasa, ta juya ta gaida Baba. "Alhaji, sannu da hanya. Wannan ne zuwanka na farko garinmu?"

Na so ya ce e. Wallahi na so. Baba ya ce, "A'a, Madam. Na taɓa zuwa. Ina soja."

"Wace shekara?"

"1967."

"Wane wata?"

"Irin wannan watan."

Ta miƙa wa mai jego ɗanta a hankali, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce tana da abu a wuta. Ba ta sake fitowa ba har taro ya watse.

Da daddare ƙanena ya gaya mini abin da duk ɗan Asaba ya sani, mu kuma ba mu sani ba. Da sojojin tarayya suka shiga garin a farkon Oktoban 1967, an yi kwanaki ana kashe fararen hula bisa zargin suna goyon bayan Biyafara. Ran 7 ga wata mutanen gari suka fito cikin fararen tufafinsu na al'ada, suna waƙa da rawa, suna kiran Najeriya ɗaya, don su nuna ba su da faɗa da gwamnati. A wani fili a unguwar Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata da ƙananan yara, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu, aka binne da yawansu a manyan ramuka. Baban Mama da yayanta suna ciki. Sun tsira daga Kano, ajali ya same su a ƙofar gida.

Daren nan ban runtsa ba. Ina jin Baba yana juyi a ɗakin da ke kusa, ni kuma tambaya ɗaya ta tokare mini ƙirji. Mutumin da ya goya ni a wuyansa, wanda ya sayar da kekensa ya biya mini kuɗin jarrabawa, yana cikin masu harbin? Da na je auna shi da safe jininsa ya hau sosai. Na ba shi magani, na zauna a bakin katifa, na ce, "Baba, ku gafarce ni. Ranar da aka yi abin nan, kuna ina?"

Bai yi fushi ba, kamar ma ya daɗe yana jiran wani ya tambaya. Ya ce yana garin. An sa su sauke akwatunan harsashi daga mota a wajen bakin ruwa. Sun ji kiɗa da waƙa, can kuma suka ji bindiga mai jigida ta ɗauka, ta daɗe ba ta tsaya ba. "Mun san ba faɗa ake ba, don ba a mayar da wuta. Kowa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Washegari na ga mata suna jan gawa a kan ganyen kwakwa. Ban harbi kowa a filin nan ba, Allah ne shaidata. Amma akwatunan da na sauke, ban san inda aka kai su ba. Kuma ban tambaya ba."

Na yarda da shi. Sai dai zan faɗi gaskiya, amsar ba ta sauke mini nauyin da na zaci za ta sauke ba. Yaro ne ɗan 18, kurtu, wanda in ya buɗe baki ma ba mai saurarensa. Haka ne. Mama ma yarinya ce 'yar 13, kuma ba ta ɗauki bindiga ba.

Shi ya ce a kai shi wurin. Akwai dutsen tunawa a Ogbe-Osowa, an rubuta sunayen waɗanda aka iya tattarawa. Unguwa ce kamar kowace, yara na dawowa daga makaranta, wata mata na gasa masara. Baba bai iya karatun boko sosai ba, ya ce in karanta masa. Na fara, harshena na tuntuɓe da sunayen. Sai ki ga sunan gida ɗaya ya jeru sau uku, sau huɗu, wato uba da 'ya'yansa ko wa da ƙannensa. Ni uwa ce, ina da maza biyu. Ban kai ƙarshe ba na tsaya. Baba ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a waje ba, ya tsaya rana na dukan furfurarsa har sai da na ce jininsa fa.

Da yamma na kira Inna a waya na ba ta labari sama-sama. Ashe ita duk ta sani, ba don ya zaunar da ita ya faɗa mata ba, a'a, tsinta ta yi guntu-guntu daga abin da yake faɗa cikin barci. An kai ta gidansa a 1971 tana yarinya. A makon farko ta taɓa shi da dare don ta tashe shi daga mafarki, ya shaƙe ta har sai da ta ga duhu. Ta gudu gida, aka ce ta koma, aure haƙuri ne. Ta koma. Ita ta ƙirƙiro duk dokokin nan da muka tashi a ciki, na ƙofa da na fitila da na sallama daga nesa. Ita ta koya wa mahaifiyata su da aka kawo ta. Ta ce, "Ke da kika yi karatun asibiti, da a lokacin akwai wanda zai ce mini ciwo ne, da na fi samun sauƙi. Na ɗauka ni ce ba ya so."

Wannan maganar tata ce ta sa na zauna rubuta wannan. Duk 15 ga Janairu ana fareti, ana ajiye furanni, ana sakin tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, amma ban taɓa jin an ambaci irin su Inna ba. Kuma ba tarihi ba ne kawai. A ɗakin da nake aiki ina ganin matan sojojin da suka dawo daga Borno da Yobe da dajin Zamfara, sun zo da ciwon kai da rashin barci, in kin ja su da hira sai ki tarar maigidan ne ba ya barci, ko ya koma shan abin da da ba ya sha, ko yara na ɓuya in sun ji takunsa. 'Yar uwa, in gidanki ne wannan, ciwo ne, yana da suna, ana kuma samun sauƙinsa da magani da zama da ƙwararru. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne, addu'a kuma ba ta hana shi. In kuwa abin ya kai ga duka ko barazana da makami, ki fara tsira da kanki da yaranki, ki sanar da manya. Ba na cikin masu ce wa mace ta koma ta yi shiru kamar yadda aka ce wa Inna.

Kwana biyar muka yi. Mama ba ta sake shigowa sashen ƙanena ba, ko da yake kullum da safe jikarta na kawo wa mai jego ruwan zafi kamar yadda aka saba. Baba ya so ya je ya same ta, ya sa babbar riga har ya kai bakin ƙofarta, ya tsaya, ya dawo. Ya ce bai san da wane baki zai fara ba. Ban matsa masa ba, ita ma ban ga hakkina ba ne in je in roƙe ta ta saurare shi.

Ran da za mu tafi, da sassafe muna loda kaya, sai ga ta ta fito da tsintsiya tana share ƙofar gida. Ta gaida direba, ta gaishe ni, ta ce in gaida yarana. Baba na zaune a gaba, gilashi a sauke. Ta tsaya daga nesa kaɗan, tsintsiya a hannu, ta dube shi. Ya ce, "Madam, mun gode da riƙon yaran nan." Ta ce, "Yarana ne." Har direba ya tada mota sannan ta ƙara da cewa, "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji."

A gadar Jamata bai rufe ido ba, amma carbin na hannunsa. Mun iso Kano washegari bayan isha'i. Inna ta tare mu a zaure, ta karɓi jakarsa, ta bari ya shige, sannan ta riƙo mayafina ta tambaye ni a hankali, "Ya ga ruwan?" Na ce ya gani. Ta gyaɗa kai, ta wuce ɗakinsa ta duba ko fitilar na da caji.